Lambun Gida da Lambun Kasuwa: Ina Haramcin Yake?

A Yelwa da Bin Yauri, a Wara da ƙauyukan Shanga, da wuya ka shiga gidan da ke da ɗan fili a baya ka tarar ba a shuka kayan miya ba. Ko kuɓewa, ko yakuwa da rama, ko kabewa ta haye danga, ga zogale a kusurwa. Abincin wannan shuka bai wuce tokar murhu da kashin awaki da sharar tsakar gida ba, in tsutsa ta fito a tsince ta da hannu ko a bar wa kaji. Da za a auna da ma'aunin masu da'awar noma ba sinadari, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu ta duniya, IFOAM, a Faransa a 1972, da yawancin lambunan nan sun haye, alhali matan da ke kula da su ba su taɓa jin sunan ƙungiyar ba. To amma gangara bakin ruwa da rani, inda komayen albasa da tumatir da attaruhu suke jere. Can yuriya ce da kamfa, da injin feshi na goyo, da kwalaben maganin ciyawa. Sau da yawa gida ɗaya ne ke da lambunan biyu. Wannan ya sa tambayar ta wuce ta malaman gona, ta shigo zauren malaman addini: shin na bayan gida ya fi na bakin ruwa tsarki a wurin Allah?

Akwai masu amsawa da sauri cewa e. A wurinsu takin gargajiya na Allah ne, na buhu kuwa na Bature, kuma duk cutar da ta yi yawa a zamanin nan daga buhun ta fito. Ina ganin an ja layin a inda ba nan yake ba. Shari'a ba ta raba kayan noma gida biyu bisa ga inda aka samo su. Abin da take tambaya shi ne wa abin ya cuta, kuma wa aka ɓoye wa. Idan aka bi wannan ma'auni, takin zamani zai fita da wankakken suna, wani ɓangare na feshi kuma zai faɗa cikin haramun ƙarara, har ma fiye da yadda masu sukar sinadari suke faɗa.

A fara da takin. Sinadarin naitirojin da ke cikin yuriya daga iska ake kamo shi, iskar da muke shaƙa, wadda kusan kashi 78 cikin 100 nata naitirojin ne. Bajamushe Fritz Haber ya gano hanyar kama shi a 1909, masana'antu suka fara aiki da ita a 1913. Ɗan Adam bai halicci ƙwaya ɗaya ba, juya ta kawai ya yi daga wani hali zuwa wani, kuma saiwar albasa ba ta bambance naitirojin ɗin buhu da na turke. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, takin da malaman fiƙihu suka yi gardama a kansa tun farko shi ne na gargajiya. A mazhabar Malikiyya kashin dabbar da ake cin namanta, kamar saniya da akuya, mai tsarki ne, amma na jaki da doki najasa ne, har aka yi saɓani kan halascin sayar da shi, Ibnul Ƙasim ya sauƙaƙa saboda buƙatar manoma. Mukhtasar na Khalil, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya lissafa shukar da aka shayar da najasa a cikin abubuwa masu tsarki, domin ƙasa ta riga ta sauya abin. A mashahurin ra'ayin Hambalawa kuwa an tsananta. Malaman da suka halatta albasar da ta sha kashin jaki ba su bar wata ƙofa da za a haramta wadda ta sha yuriya ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi a ɗaya ɓangaren daga tarihin wannan ƙasa take fitowa, kuma ta cancanci a tsaya mata. Gungawa, mutanen tsibiran kogin Kwara, sun yi suna da noman albasa tun kafin buhun taki ya iso Yauri. Da jigo da ƙwarya suke ban ruwa, da takin dabbobi suke ciyar da komayensu, albasarsu kuma tana tafiya nesa. Tun da kakanni sun iya, me ya hana jikoki? Abin da ya hana shi ne kogin ya canza. A da, Kwara na cika sau biyu a shekara: farar ambaliya ta damina, mai ɗauke da laka, da baƙar ambaliya ta lokacin sanyi, wadda ke tahowa daga tsaunukan Gini. Ruwan na hawa yana sauka, yana sabunta ƙasar gaɓa ba tare da an biya ko sisi ba. Aka fara gina madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968, tafki mai faɗin sama da murabba'in kilomita 1,200 ya shanye tsohuwar Bussa da tsibirin Foge da gungunan da ake wannan noma, aka tayar da mutane kusan 44,000. Da yawansu sun koma tudu, kan ƙasar da ba ta san laka ba. Har yanzu tafkin na janyewa kowace shekara yana barin damshi da ake nomawa, amma bakunan da ke ci sun ninka, makiyayan da ke kwana a gona su bar taki kuma ba kamar da ba. Wanda ya ce wa jikan Bagunge ya yi noma irin na kakansa, sai ya fara mayar masa da gungun kakan.

Lissafin ma a fili yake. Buhun yuriya mai kilo 50 na ɗauke da kilo 23 na naitirojin. Busasshen kashin shanu ba kasafai yake wuce kashi 2 cikin 100 ba, wato sai an tara fiye da tan ɗaya kafin a kamo buhu guda. Awaki biyar sun ishi lambun bayan ɗaki, ba za su ishi hekta ba. Saboda haka tsaftar lambun gida, a gaskiya, ƙanƙantarsa ce ta ba shi ita. Ƙasar Siri Lanka ta gwada mayar da wannan tsari doka a Afrilun 2021, ta hana shigo da takin zamani dare ɗaya. Shinkafa ta ragu, farashi ya tashi, kafin ƙarshen shekarar gwamnati ta janye. Wannan ba ya nufin a watsar da takin turke. Shi ke riƙe danshi, shi ke gyara jikin ƙasa, kuma 'yan kasuwar albasa sun san wadda aka ɗura wa yuriya ba ta daɗewa a ajiya, ruɓewa take yi. Manomin kirki haɗa biyun yake. Amma wannan magana ce ta gwaninta, kuskure a cikinta asara ce, ba zunubi ba.

Feshi kuwa wata magana ce daban, kuma a nan ne masu haɗa taki da maganin ƙwari a kwando ɗaya suke ɓata hujjarsu. Maganin ƙwari guba ne da aka ƙera don ya kashe. Halascinsa na rataye da sharuɗɗa: a yi shi kan amfanin da aka yi shi dominsa, a gwargwadon da aka ƙayyade, a kuma jira adadin kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin a tsinka. Wanda ya fesa tumatir yau don kada ya yi tabo, ya tsinke gobe da asuba ya kai kasuwa, ya karya sharaɗi na uku, kuma wanda zai ɗauki cutar ba shi da hanyar ganewa, domin guba ba ta da launi a fatar tumatir. Muslim ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tsibin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawatar masa kan ɓoye jiƙaƙƙen a ƙarƙashin busasshe. Ruwan sama ne fa aka ɓoye a can. Ina ga guba? Alƙur'ani, a aya ta 168 ta Baƙara, ya gwama halascin abinci da kyawunsa a umarni ɗaya, ƙa'idar fiƙihu kuma ta hana cutarwa ko da babu niyyar mugunta. Gwajin mai sauƙi ne, kuma manomi na iya yi wa kansa: in har akwai komin da yake ware wa tukunyar gidansa, wanda ba ya bari feshin jajibiri ya taɓa, to ya riga ya yanke wa sauran komayen hukunci da hannunsa. Baƙi ma sun yanke mana irinsa a 2015, lokacin da Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan dikulobos, gubar da ke cikin fiya-fiya. Waken da Turawa suka ƙi, mu muka cinye shi.

A bakin Kainji akwai ƙarin nauyi, domin ruwan na kowa ne. Abin da aka wanke daga injin feshi a gaɓa yana komawa tafkin da Sarkawa ke su a ciki, da shanu ke sha, da mata ke ɗiba. Hadisi ya sanya mutane abokan tarayya a ruwa da ciyawa da wuta, wani kuma ya hana yin bawali a ruwan da ba ya gudu. Addinin da ya kula da wannan ba zai yi shiru kan wanke kwalbar guba ba. Masunta sun san ɓarnar Gamalin, maganin ƙwarin koko da aka riƙa zubawa a ruwa don kifi ya taso, wanda sinadarinsa ya shiga jerin haramtattu na Yarjejeniyar Stockholm a 2009. Sai dai kafin Gamalin akwai magimfa, tsiro ne na daji, da shi ake kashe kifi babba da ƙarami. Haka ɗanyen kashin da bai ruɓe ba, in aka zuba wa latas da ake ci ɗanye, zai iya kai mutum asibiti da ciwon ciki. Fitowar abu daga daji ba ta wanke shi.

Za a ce wannan duk sha'anin duniya ne, a kawo labarin barbarar dabino, inda Annabi ya bar wa manoman Madina sanin sana'arsu. Labarin gaskiya ne, kuma shi ya sa malami ba shi da hurumin cewa buhu nawa za a zuba a hekta, ko wane magani ke kashe tsutsar tumatir. Wannan na malamin gona ne. Amma da zarar masani ya tabbatar cewa abu na cutar da mai ci, hukuncin ya dawo hannun shari'a. Za a kuma ce larura ce: wanda ya ga abin da tsutsar nan ta yi wa tumatirin Kano da Kaduna a 2016, gona ta ƙone cikin kwanaki, ba zai ga laifin mai rungumar injin feshi ba. Na yarda, larura na halatta feshi. Sai dai malamai sun ce ana auna ta da gwargwadonta. Ta halatta ceton gona, ba ta halatta ninka awo don a huta da dawowa, ba ta kuma halatta tsinka kafin kwanakin jira don farashi ya yi kyau a wannan makon. Akwai ma matakan da ke rage buƙatar tun farko, kuma a nan lambun gida yana da abin koyarwa: ruwan 'ya'yan dogon yaro da aka daka aka jiƙa, toka, sauya abin shuka a komi, da cire wanda ya kamu tun da wuri. Ba sa maganin kowace annoba, amma wanda bai gwada su ba da wuya ya ce larura ta kai shi bango.

Uzurin da ya fi dukansu nauyi shi ne jahilci, domin rubutun jikin kwalba da Turanci yake, da ƙananan baƙaƙe, manomin Ngaski kuwa abin da mai shago ya faɗa masa shi ya sani. Wannan na rage laifin manomi, ya ɗora shi a wuyan wasu. Mai shagon da ke tsiyaya magani cikin robar ruwa ba suna ba awo, ya sayar da abin da ya san zai cutar. Kamfanin da ke cin kasuwar Arewa bai ga dama ya buga gargaɗi da Hausa, ko da boko ko da ajami ba, shi ma yana da kaso. Hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben maganin ƙwari na Sniper a kasuwanni a 2019, abin da ya nuna hukuma na iya motsi in ta so. Tun zamanin farko aikin muhtasibi ne ya duba mudu da sikeli da madarar da aka tsarma wa ruwa. Kwanakin jira na cikin wannan babi, ko da littattafan da ba su ambace su da suna ba.

Ina kira ga limaman Juma'a na masarautar Yauri, da limaman coci a garuruwan Kambari da sauransu, da sarakunan noma da na kasuwa: a bar wa manomi buhun takinsa, a daina tsorata shi da abin da Allah bai haramta ba. A gayyato malamin gona ya karanta wa jama'a abin da ke jikin kwalabe uku ko huɗu da aka fi saye a yankin, ya faɗi awo da kwanakin jiran kowace, liman kuma ya faɗi hukuncin wanda ya sani ya take. A yi wannan a watan Oktoba ko Nuwamba, kafin a dasa albasa.