Ai Na Biya Kuɗina

Yau ina so mu duba wata tambaya da ta tsaya mini a rai tun tafiyar da muka yi Daura bikin ƙanwar maigidana. Gidan biki ya cika maƙil, sai muka kama ɗaki a wani tsohon masauki, wanda masu kula da shi suka ce tun zamanin Turawa aka gina shi. Bangonsa mai kauri ne, ɗakin sanyi ƙalau ko ba fanka. Sai dai famfo ba ya kawo ruwa, wata dattijuwa ce take kawo wa baƙi a bokiti.

Da daddare na yi wanka, na yi wa yara, na wanke musu kaya, ragowar na sheƙar. Da asuba na leƙa na ce a ƙaro, har da ɗaga murya. Maigidan ya ce, "Haba Malama, a hankali mana." Na ce, "Ai ba kyauta muka kwana ba, kuɗinmu muka biya." Sai da gari ya waye na ga daga inda ruwan yake fitowa. Rijiya ce can bayan gida, da guga take ja, ga ta sa'ar mahaifiyata. Ta dire bokitin ta ce, "'Yata, an tashi lafiya? Allah Ya sa sauro bai dame ku ba." Wallahi na rasa inda zan sa fuskata.

To ga tambayar: wadda ta biya kuɗin ɗaki, shin ladabin baƙunta ya sauka daga kanta?

Ranar muka kai yara rijiyar Kusugu. Kowa ya san labarin da ake bayarwa, cewa Bayajidda ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa, ta ce babu, domin macijin da ke rijiyar ba ya bari a ɗiba sai ranar Juma'a. Mun saba kallon jarumtarsa, amma ni ranar wani abu daban na gani. Baƙo ne ya tarar mai masaukinsa ba ta da ruwa, bai yi mata tsawa ba, ya karɓi guga ya tafi da kansa.

Wata za ta ce, ai shi bai biya ba, ke kuwa kin biya. Wannan magana tana da ƙarfi. Haya ciniki ce halattacciya, kuma neman abin da aka biya ba laifi ba ne. Da na yi shiru na rasa ruwan alwala, ba tawali'u na yi ba, sakaci na yi.

Amma mu tuna kakanninmu fatake, masu kai kanwa da tufafi Salaga a ƙasar Gonja, cikin Ghana ta yau, su komo da goro, kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar. Idan falke ya isa zango, yana da mai masauki da zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, sannan ya karɓi la'adarsa. Kin ga akwai kuɗi a tsakani. Duk da haka wannan yana cewa "maigidana", wancan yana cewa "baƙona", kuma baɗi can zai sake sauka. Kuɗi bai hana su ganin girman juna ba.

Saboda haka abin da na fahimta shi ne, kuɗina ya saya mini ɗaki da ruwa, amma bai saya mini mutuncin matar nan ba. Gaisuwar da ta yi mini ba ta cikin lissafin mai karɓar kuɗi, kyauta ce. Hausawa suka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Tabarmar na biya, fuskar kuwa bashi ce a kaina. Haƙƙina ne in nemi ruwa, haƙƙinta ne in nema da lafazi mai kyau, kuma kada in yi almubazzaranci da abin da ta ja da hannunta.

'Yar uwa, ba sai kin je masauki wannan zai same ki ba. Yarinyar da take miki aiki, da mai ga-ruwa, da mai wankau, sau nawa muke ce musu "ai biyanka nake yi"? Yaranmu fa suna ji. Ni da nake koya wa 'yan aji ladabi, a gaban 'ya'yana na yi wa sa'ar uwata tsawa.

Kafin mu tafi na same ta bakin rijiya na ce, "Baba, ki yafe mini." Ta yi dariya ta ce, "Baƙo raɓa ne, 'yata, wa zai riƙe shi a zuciya?"

Allah Ya yafe mana, Ya sa mu iya bakinmu. Wassalam.