Ƙwanjin Sayarwa a Bakin Iyakar Jibiya

Tun da aka sake buɗe iyakar Jibiya a watan Maris na 2024, bayan rufewar da juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya jawo, hajoji suka koma kai da kawowa tsakanin Magama da Ɗan Isa har zuwa Maraɗi; kuma daga cikin abin da zamani ya shigo da shi kantunan wannan yanki, kusa da maganin ƙiba da aka daɗe da sani, akwai wasu manyan robobi masu hoton ƙato ya murɗe damtse, cike da gari wanda ake kaɗawa a ruwa a sha, wai yana gina tsoka ya narkar da kitse. Samari masu ɗaga ƙarfe, har da waɗanda ƙarfen nasu bai wuce gwangwani biyu da aka cika da siminti aka soka wa bututu ba, su ne masu nemansa, kuma in sun kai mas'alar gaban malami, tambayarsu ɗaya ce: Allah gafarta malam, halal ne ko haram?

Kafin hukunci sai an san zatin abin. Masana sun tabbatar da cewa furotin, wanda da shi ake gina naman jiki, an harhaɗa shi ne daga ƙananan sinadarai 20 masu suna amino asid, waɗanda jiki ke ƙera 11 daga cikinsu da kansa, sauran 9 kuwa ba makawa sai an ci su a abinci. Ba baƙi ba ne a tukunyarmu, domin farin magi, wanda Kikunae Ikeda na Japan ya gano sirrinsa a 1908, gishirin ɗaya daga cikinsu ne. Da yawa daga cikin robobin nan guda uku kaɗai suka ƙunsa daga cikin taran, wato lusin da aisolusin da balin, kuma wanda ya dogara da su ya yi daidai da masaƙin da aka jibge wa zare launi uku alhali zanen da aka sa shi launi tara yake bukata. Batun narkar da kitse kuwa, babu wata hujja mai ƙarfi da ta tsaya a kansa.

Ta fuskar tsarki da najasa, mas'alar tana da daɗin bahasi ga ɗalibin fiƙihu. An daɗe ana tatso wasu daga cikin sinadaran nan daga gashin tsuntsaye da na dabbobi, har da na bil'adama, ko da yake yanzu da yawa daga sukarin masara ake samo su ta hanyar tsimi. In kuma a ƙwaya aka zuba su, ƙwanson sau tari daga fata da ƙashin saniya ko alade yake. Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda ake bita a zaurukan Katsina, ya lissafa gashin da aka sausaye cikin abubuwa masu tsarki, ko da na alade ne, sai dai tsarkin abu daban, halaccin cinsa daban. Akwai kuma babin istihala, wato rikiɗewar abu daga asalinsa kamar yadda giya ke komawa khalli, wanda a kansa wani taron malamai da likitoci a Kuwait ya dogara a 1995 ya halatta irin wannan ƙwanso, wasu malaman kuma har gobe ba su yarda ba. Wanda ya bi ɗayan ɓangarorin da ilimi, ba ni da ta cewa a kansa.

Abin da ya fi damuna shi ne garari, wato cinikin abin da mai saye bai san haƙiƙaninsa ba, wanda shari'a ta hana a fili. Robar da ta ratso tashar jirgin ruwa da hamada da hannun 'yan fasa-ƙwauri, ta sha rana a bayan mota, rubutunta da harshen da mai kanti kansa bai iya karantawa ba, wa zai yi shaidar abin da ke cikinta? Ko a Amurka, inda ake yin da yawansu, dokar 1994 ba ta wajabta wa kamfani ya tabbatar da amfanin irin wannan kaya kafin ya sayar ba. Kuma a can ne a 1989 wani gurɓataccen amino asid mai suna tiriftofan ya kwantar da mutum fiye da 1,500, wasu gommai suka riga mu gidan gaskiya.

Amma a ce garin tsarkakakke ne, na gaskiya ne, saura tambayar da ba a kai wa malam. Imam Shaɗibi, a cikin Muwafaƙat, ya kasa maslahohin ɗan'adam mataki uku: lalura, wadda in babu ita rai ko addini ko hankali zai salwanta, bukata, wadda rashinta ke jawo ƙunci, da ƙawa, wadda ke gyara rayuwa kurum. To, a wannan yanki namu, sinadaran da saurayi ke nema don ƙawa su ne ake ɗura wa yaro don lalura. A Maraɗi ne, lokacin yunwar 2005, ƙungiyar likitoci ta MSF ta nuna wa duniya cewa 'yar leda mai giram 92, ta markaɗaɗɗiyar gyaɗa da madara da sukari da mai, tana iya tayar da dubban yara masu tamowa a gaban iyayensu ba tare da an kwantar da su asibiti ba. Ita ce kuma ake rabawa a Jibiya a shekarun nan da 'yan bindiga suka raba manoma da gonakinsu. Duk wanda ya ga uwa ta yage bakin ledar da haƙori, tana matsa wa yaron da damtsensa bai fi yatsu biyu ba, ba zai ƙara kallon hoton ƙaton nan da idon dā ba. Abin takaici, ledar nan ma takan ɓulla a kasuwa, manya su saya su lashe don marmari, kuma wannan, a ganina, ya fi cin gashin alade muni nesa ba kusa ba.

Ba ina aibata ƙarfi ba ne. Hadisi ya fifita mumini mai ƙarfi a kan mai rauni, tare da cewa kowanne da alherinsa, kuma ƙasar nan ta kokawa ce: Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin Nijar na farko a Tawa a 1975, tun robobin nan ba su san hanyar Magama ba. Illa dai ƙarfin da magabata suka yaba ƙarfin yi ne, na noma da dako da kare rauni, wanda ake neman sa yau kuwa galibi ƙarfin gani ne, kuma malaman tasawwufi sun daɗe da yi wa son a gani suna, suka ce riya, ga kuma ƙanwarta ujubu. Niyya ba ta ganuwa a damtse, saboda haka ba ni yanke wa kowane saurayi hukunci. Shi ya san abin da ya kai shi gaban madubi.

Ɗan dakon da ke sauke buhu mai kilo 50 a kasuwar Jibiya ranar Lahadi bai taɓa jin sunan lusin ba, amma karin kumallonsa na koko da ƙosai ya haɗa abin da ake bukata, domin sinadarin laisin da ya yi ƙaranci a gero da dawa yana da yawa a wake, wanda kuma ya yi ƙaranci a wake hatsi na cike shi. Haka fura da nono. Masana na cewa baligi na bukatar kimanin giram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a yini, mai ɗaga ƙarfe kuwa wajen ninkin haka, kuma kuɗin roba ɗaya, in aka juya su wake da ƙwai da awara da ƙuli-ƙuli, sun ishe shi da ƙannensa na tsawon kwanaki.