Ma'aunin Da Mutum Ke Ɗauke Da Shi

Akwai wata kalmar Turanci da ta yi yawa a bakin 'yan siyasa da masu wa'azi a gidajen rediyon Akara, wato paradigm. Kowa na kira a sauya ta, amma kaɗan ne ke tsayawa su faɗi ko mece ce. Asalinta daga Helenanci ne, paradeigma, ma'ana abin da aka ajiye a gefe domin a duba a yi irinsa. Bahaushe yana da kalmomi kusa da ita: misali, samfuri, gurbi, abin koyi.

Ma'anarta ta fari mai sauƙi ce. Tela a kasuwar Nima yakan yanka takarda, ya ɗora a kan yadi, ya fitar da riga goma iri ɗaya. Mai buga bulo a Maamobi yana da akwatin ƙarfe guda, da shi yake buga bulon gida duka. Malamin nahawu kuma yakan rubuta a allo: na tafi, ka tafi, kin tafi, ya tafi. Yaron da ya riƙe wannan jeri zai iya bi da kowace kalmar aiki. Abin lura a nan shi ne, idan akwatin ya karkace, kowane bulo zai fito a karkace, ko da mai bugawa mutumin kirki ne.

Ma'ana ta biyu ta zo daga wani masani ɗan Amurka, Thomas Kuhn, a littafinsa na 1962. Ya nuna cewa masana ma suna da akwatinsu, wato tsarin tunanin da suka gāda, wanda yake faɗa musu abin da ya cancanci tambaya. Shekaru fiye da dubu masanan taurari suna lissafi a kan cewa rana ce ke kewaya duniya. Da lissafin ya ƙi daidaita, sai su yi masa faci. A 1543 Kofanikus ya ce duniya ce ke kewaya rana. Sama ba ta sāke ba, ma'aunin masu dubanta ne ya sāke.

Kalmar zango ma irin wannan akwati ce. A da, zango wurin da fatake ke sauke kaya ne su kwana, a hanyar Kano zuwa Salaga neman goro. Da safe a ɗaure kaya a wuce. Daga nan tunani ya kafu cewa mutumin zango baƙo ne, baƙo kuwa raɓa ne. Amma Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango tun farkon ƙarni na 20, Nima kuma ta kafu a shekarun 1930. An haifi 'ya'ya da jikoki a can, an binne iyaye. Duk da haka ma'aunin bai sauya ba.

A ranar 18 ga Nuwamba 1969, gwamnatin Dokta Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar Gana. Dubban mutane suka sayar da kaya a wulaƙance suka hau manyan motoci, cikinsu har da waɗanda aka haifa a ƙasar, ba su taɓa ganin garin da aka ce nasu ne ba. A 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori 'yan Gana wajen miliyan ɗaya daga Nijeriya. Akwati ɗaya ne, hannun mai bugawa kawai ya bambanta.

Wani zai ce, to, in haka ne ai gaskiya babu ita, kowa da ma'auninsa. Wannan kuskure ne. Duniya ba ta jira 1543 kafin ta fara kewaya rana ba. Yaron da aka haifa a Maamobi ɗan gida ne tun kafin hukuma ta yarda. Ma'auni yana iya zama na zalunci, kuma ana gane shi da yawan facin da yake bukata. Wanda ke cewa mutanen zango ɓarayi ne, sai dai maƙwabcinsa, sai dai mai sayar masa da koko, sai dai direban da ya mayar masa da jakarsa, ya kamata ya zargi mudunsa.

Kirista mazaunin zango ya san wannan ta fuska biyu. A waje, da an ji Hausa a bakinsa sai a yanke cewa Musulmi ne kuma baƙo. A cikin unguwa, wani lokaci akan ɗauke shi bare saboda yana zuwa coci. Shi ma yana da nasa akwati da yake zuba maƙwabtansa Musulmi a ciki. Da aka tambayi Yesu wane ne maƙwabci, bai ba da jerin sunaye ba. Ya ba da misalin Basamariye, mutumin da masu sauraro suka raina, ya mai da shi abin koyi. Mai tambayar ya zo neman iyaka, ya koma da sabon ma'auni.

Irin wannan ya faru a Akara. A ranar Ista ta 2019, Babban Limamin Gana, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, yana gab da cika shekara 100, ya shiga cocin Katolika na Christ the King ya zauna tare da masu sujada. Bai bar addininsa ba, su ma ba su bar nasu ba. Amma yaran da suka ga hoton sun sami samfurin da za su duba.

Wannan ita ce ma'ana ta uku, kuma ita ta fi nauyi: mutum kansa gurbi ne. Yaro ba ya karanta Kuhn, amma yana jin sunan da uwarsa ke kiran maƙwabta da shi idan an rufe ƙofa, yana ganin ko ana aika musu da abincin Kirsimeti, ko ana karɓar naman Sallarsu da fara'a. Da wannan akwati zai buga nasa bulo shekara hamsin masu zuwa. Saboda haka, kafin mai gida ya yi kira ga gwamnati ta sauya tunaninta a kan zango, ya fara ɗaukar nasa mudu ya duba gindinsa.