Lanƙwasar rafi

Duk wanda ya bi gefen ƙoramun da ke tsakanin Birchi, Kurfi da Dutsin-Ma zai ga ba sa tafiya miƙe sak. Su karkata nan, su juyo can. A kowace kwana ruwa na cin gaɓar waje, yana zube yashi da laka a ta ciki. Manomin da ake ci wa gona shi ne yakan ɗauko diga da shebur ya yanke kwanar, ya ce ya gyara wa ruwa hanya. Ban ga laifin damuwarsa ba, abincin iyalinsa ne ke zubewa.

Sai dai kwanar nan aiki take yi. Ita ke tsawaita tafiyar ruwa, ta rage masa gudu, har ya samu zarafin nutsewa cikin yashi. Ruwan da ya nutse da damina shi mai lambu ke tonowa da rani ya shayar da tumatir da albasa, shi makiyayi ke samu idan ya haƙa tsakiyar rafi a watan Maris. Da zarar an gajarta hanya, gangaren ya ƙaru. Ruwa ya taho a guje, ya ƙwaƙule ƙasan rafi, gaɓa ta rufta, kwazazzabo ya kama cin gonakin da a da ko kusa bai zuwa. Masu tifa kuma su zo su kwashe yashin da ke riƙe danshi. Ƙasar da ƙoramun da ke zuba cikin kogin Karaduwa suka kwaso, madatsar Zobe da aka kammala a 1983 ce ke haɗiye ta.

Amurka ta ɗanɗana illar miƙar da hanyar ruwa. Tsakanin 1962 da 1971 injiniyoyin soja suka miƙar da kogin Kissimmee na jihar Florida, mai tsawon kusan kilomita 166, ya koma magudana mai kilomita 90. Fadamu suka bushe, tsuntsayen ruwa suka watse. A 1999 aka fara cike wani sashe na magudanar don ruwa ya koma tsohuwar hanyarsa, aikin bai ƙare ba sai 2021.

Namu bai kai nan ba tukuna, gyaransa ma da sauƙi. A bar wa rafi ɗan fili a gaɓa kada garma ta kai baki, a dasa jema da gamba su riƙe ƙasa, a jera duwatsu cikin ragar waya inda ruwa ke duka. Mai unguwa da dagaci su zauna da masu tifa a keɓe wuraren ɗiban yashi, sannan a duba yadda za a rage wa mai gonar gaɓar waje asara tun kafin ya ɗauko diga.