Ɗan'uwanka Yana Kurkuku, Ciwo Ya Kama Shi

Ya kai saurayi Musulmi, ka ƙaddara yayanka ya yi sata a kasuwar Dirin Daji, alƙali ya ɗaure shi, aka kai shi gidan yari na Zuru. Sai labari ya iso Sakaba cewa tari ya kama shi, har yana tofar da jini. Dangi suka ce, "Ya kunyata mu, a bar shi ya ɗanɗana kuɗarsa." To, kai me za ka ce?

Ka sani, ɗauri alƙali ya yanke masa, ba mutuwa ba. Wanda ya ƙara masa da ciwo ya wuce hukunci, wannan kuwa zalunci ne. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wata mace ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Kyanwa fa! Ina ga ɗan Adam mai salla? Alƙali Abu Yusuf ya rubuta wa Haruna Rashid cewa a ciyar da fursunoni daga baitulmali, a ba su tufafin sanyi da na zafi. Dokar gidajen yari ta 2019 ma ta ɗora wa hukuma kula da lafiyarsu.

Amma haƙƙi ba ya zuwa da ƙafarsa. Tashi ka je ka ga shugaban gidan, ka nemi a kai shi babban asibitin Zuru a gwada majinarsa. Rubuta buƙatarka a takarda, ka riƙe kwafi. Kada ka ba kowa rashawa. In tarin tibi ne, maganinsa kyauta ne a asibitin gwamnati, wata 6 ana sha ba fashi.