Tsohon Da Ya Manta Sunan Ɗansa: Shin Ya Halatta A Rarrashe Shi Da Waƙa?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda mantuwa ba ta riskar Sa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wata jarrabawa da ke shiga gidaje a ɓoye, mutane kuwa ba su cika son zancenta ba saboda kunya. Ita ce ta dattijon da ya kai ga bai gane 'ya'yansa ba, ya ci tuwo yanzu ya ce an hana shi abinci, ko ya tashi da tsakar dare yana neman hanyar gidan ubansa wanda ya rushe tun shekara arba'in. Hausawa suna kiran wannan gigin tsufa. Alƙur'ani mai girma ya ambaci wannan hali a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, inda ya nuna akan mayar da wani ga mafi ƙasƙancin rayuwa har saninsa ya gushe. Ya kuma tabbata cikin Buhari cewa Manzon Allah (S.A.W.) yakan nemi tsari daga gare shi.

Likitoci sun ce cuta ce da ke cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, ba kowane tsoho take kamawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 57 ke fama da ita, fiye da kashi 60 cikin ɗari kuwa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke. Mafi yawanta irin wadda wani likitan Jamus mai suna Alois Alzheimer ya siffanta ce a 1906. Har yau ba a sami maganin da ke warkar da ita ba.

Amma Allah bai rufe ƙofa duka ba. Masu jinya sun daɗe da lura cewa tsohon da ya manta sunan matarsa yakan iya rera waƙar da ya haddace yana saurayi ba tare da tuntuɓe ba. A 2015 wasu masana a Jamus suka nuna cewa sassan ƙwaƙwalwa masu riƙe tsohuwar waƙa suna cikin waɗanda cutar ba ta saurin lalatawa. A 2018 kuma ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken likitoci, ta tattara gwaje-gwajen da aka yi, ta ga jinya da waƙa tana rage baƙin ciki, tana kyautata hali, ko da yake ba ta mayar da hankalin da ya tafi. Watau sauƙi ce, ba waraka ba. Daga nan tambaya ta taso ga Musulmi: ɗa mai tsoron Allah, wanda ya nisanci kiɗa duk rayuwarsa, ya ga babu abin da ke kwantar da mahaifinsa sai waƙar da ya saba ji, yaya zai yi?

Wannan mas'ala tana da tushe a ƙasar Sakkwato. Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808, Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa daga wajen 1810 har 1815, yana karantarwa yana wallafa, kafin ya koma Sakkwato inda ya rasu a 1817. Ƙanensa Malam Abdullahi yana kusa da shi a Bodinga. Cikin abubuwan da fahimtarsu ta bambanta a wannan zamani har da hukuncin kayan kiɗa. Malam Abdullahi ya tsananta. Shehu kuwa, wanda shi da kansa ya soki kaɗe-kaɗen fadar sarakunan Haɓe, ya sassauta a littafinsa Najmul Ikhwani na 1812, bisa ga ƙa'idar cewa abin da malamai suka yi saɓani a kansa ba a tsananta wa jama'a a cikinsa kamar abin da aka haɗu a kan haramcinsa. Dukansu biyu malamai ne na gaske, saɓanin kuma bai raba zumuncinsu ba.

Abin lura kuma shi ne su duka biyu mawallafan waƙoƙi ne. Da waƙar Fulatanci da ta Hausa aka isar da tauhidi da fiƙihu ga makiyayi da manomi. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta karantar da 'yan taru, jajis suna ɗauke da ita ƙauye ƙauye. Ko a zamanin boko, marigayi Alhaji Shehu Shagari, sa'ad da yake malamin makaranta, ya tsara Waƙar Nijeriya domin yara su riƙe labarin ƙasa. Magabata sun san abin da aka rera ya fi zama a zuciya, tun kafin likitoci su auna.

Saboda haka mas'alar hawa uku ce. Na farko karatun Alƙur'ani, wanda ba waƙa ba ne, ba a kuwa haɗa shi da ita. Tsohon da ya yi makarantar allo sau da yawa yakan kama surar da aka ja masa baki, musamman da irin karatun da ya saba ji tun yana yaro, ba na baƙuwar murya ba. Na biyu waƙa da baki kawai mai tsabtar ma'ana, kamar Ishiriniya da Burda da Imfiraji da waƙoƙin wa'azi, ko waƙar niƙa da ta raino da tsohuwa ta yi a ƙuruciyarta. Wannan babu ƙunci a cikinta, gama Hassanu ɗan Sabitu ya yi waƙa a masallacin Annabi, Anjashatu kuma ya rera wa raƙuma a gabansa. Na uku waƙa mai kiɗa, nan ne wurin saɓani. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun hana kayan kiɗa in ban da mandiri a wurin biki. Ibn Hazmi ya halatta, Imam Gazali kuma ya rataya hukuncin sauraro ga halin mai sauraro da abin da waƙar ke motsawa a zuciyarsa. Tarihi ya nuna asibitin da Sarkin Musulmi Bayazidu na Biyu ya gina a Edirne ta ƙasar Turkiyya a 1488 ya yi jinyar masu taɓin hankali da sauti da ƙarar ruwa.

Abin da ya fi kusa da daidai shi ne a fara da hawa na farko da na biyu, domin a cikinsu akwai wadata ga mafi yawan tsofaffin ƙasar nan. In kuwa an jarraba an ga babu abin da ke raba dattijo da firgita sai muryar Narambaɗa ko Ɗanƙwairo da ya saba ji a rediyo, kuma babu batsa a ciki, to, wanda ya bi malaman da suka sauƙaƙa da niyyar jinya ba a zarge shi ba, wanda ya tsaya ga tsantseni kuma ba a tilasta shi ba. Amma wanda ya hana wajibi ne ya kawo madadi, ya zauna ya rera da bakinsa. Kashe rediyo a ja ƙofa a bar tsoho cikin duhu yana kuka ba tsantseni ba ne, guje wa wahala ce aka sa mata rigar addini.

Wani zai ce, ashe bai fi kyau mutum ya cika da zikiri a bakinsa ba? Lalle ya fi, kuma a riƙa tuna masa kalmar shahada cikin taushi. Sai dai hadisi ya tabbatar an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe, wani kuma cikin Buhari ya nuna ana rubuta wa mara lafiya ladan abin da ya saba yi yana lafiya. Ashe tsohon ba shi ke cikin haɗari ba. Waɗanda ake rubuta wa aiki yanzu su ne 'ya'yansa, waɗanda Suratul Isra'i aya ta 23 ta hana su ko nuna ƙosawa ga iyaye in tsufa ya riske su.

Haka hukuncin aikin hannu yake. Tsohuwar da ta saba kaɗi a ba ta auduga da mazari, mai saƙar faifai a ba ta kaba, malamin da ya saba zayyana a ba shi alƙalami da tawada ya yi ado a takarda, ba tare da ayoyi ba in ya daina kiyaye tsarki. Ba a neman kyan aikin, natsuwar mai yi ake nema.

Sharuɗɗa uku ya kamata a kiyaye. A kai mara lafiya ga likita tukuna, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, domin wani ruɗewar, musamman wadda ta zo farat ɗaya, daga wata cuta take mai jin magani. A dubi fuskarsa, in waƙa ta tayar masa da baƙin ciki a bari. Kada kuma a ɗauki hotonsa a waya yana rerawa a watsa don dariya, ko a jefi tsohuwa da maita saboda maganar da ba ta san ta yi ba, domin mutuncin mumini ba ya faɗuwa da faɗuwar hankalinsa.

Uwa ta yi wa ɗanta waƙa shekara biyu yana goye, bai san sunanta ba, ba ta kuwa ce sai ya gane ta ba. In yau ita ce ba ta san sunansa ba, bashi ne ya zo lokacin biya. Allah Ya jiƙan iyaye, Ya ba masu jinya haƙuri, Ya sa a cika da imani, amin.