Idan Jikin Saniya Ya Ƙi, Wa Ya Kamata Ya Saurara?

A cikin hantsar saniya akwai ƙwayoyin halitta masu haɗa madara, kuma su da kansu suke samar da sinadarin serotonin. Idan hantsa ta cika ba a tatse ba, wannan sinadari yana cikin abubuwan da ke sa ƙwayoyin su sassauta aiki. A shekarar 2004 masu bincike a Jami'ar Cincinnati ta Amurka suka nuna haka a jikin ɓeraye, daga baya aka ga cewa toshe hanyar serotonin a hantsar saniya yana ƙara madara. Zafin rana kuwa yana rage ta. Gwaje-gwajen Jami'ar Arizona sun nuna cewa ƙarancin cin abinci da zafin ke jawowa bai wuce rabin dalilin raguwar ba, sauran kuwa jikin ne yake karkatar da ƙarfinsa don ceton rai. Tambayar da ke gabanmu ta addini ce: tunda mun gano inda linzamin yake, wato serotonin, ya halatta mu cire shi alhali dabbar tana haki?

Ni ina ganin bai halatta ba. Za a ce Allah ya hore mana dabbobi, Suratun Nahli ta lissafa madara cikin ni'imomi, ga kuma yara da tamowa ke kashewa. Duk gaskiya ne. Amma horewa ba ta soke haƙƙi ba. Malaman Malikiyya, kamar yadda yake a Muhtasar na Halil, sun wajabta wa mai dabba ciyar da ita, sun hana ɗora mata abin da ba ta iyawa, sun kuma taƙaita tatsa ga abin da ba zai cutar da ɗanta ba. Shari'ar da ta kare maraƙi daga hannun mai tatsa, yaya za ta bar uwar? Za a kuma ce ai inuwa da fanka da fesa ruwa su ma dabarun ƙara madara ne. Haka ne, sai dai su suna kawar da wahalar ne, madarar ta biyo baya. Maganin da zai sa hantsa ta ci gaba da zuba cikin zafi kuwa yana barin wahalar, ya kashe alamarta kawai.

Saniyar Holstein ta ƙasashen sanyi ce, Bunaji da Bokolo kuwa sun fi ta jure rana ko da madararsu kaɗan ce. Duk wanda zai kawo baƙuwar saniya Sakkwato, ya tanadi inuwa da ruwa kafin ya fara lissafin lita.